Alkawari Kafin Jin Farashi: Yadda Na Nemi Gurbi a Jami'ar Amurka

An haife ni a Funtuwa, a gidan malamin makarantar firamare wanda ya yi ritaya ina tsakiyar sakandare, ya koma ga gonar masarar da suka gada shi da 'yan'uwansa. Ni ne ɗan fari, kuma tun ina ƙarami aka san ni da son lissafi, har ta kai Baba yakan miƙo mini littafin da yake rubuta kuɗin taki da na 'yan ƙwadago domin in duba masa jimilla. Na girma ina ganin cewa duk abin da aka iya mayarwa alƙaluma to an san kansa. Shi kuwa Baba abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne ba ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kuma idan ya sa, ko za ta cinye shi ba ya janyewa.

Na gama sakandaren gwamnati a 2021 da sakamakon WAEC mai kyau, amma ban samu gurbi a shekarar ba, sai na sake rubuta JAMB a 2022 da niyyar karanta injiniyan lantarki. A shekarar ne malaman jami'o'in gwamnati suka shiga yajin aikin da ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, wata takwas cur, ga shi ba a gama farfaɗowa daga na 2020 ba. Waɗanda suke ciki ba su fita ba, balle mu da muke bakin ƙofa mu shiga. Da damina na bi Baba gona, da yamma kuma ina koya wa yaran maƙwabta lissafi a zaure ana ba ni abin da ya sawwaƙa.

A cikin wannan zaman jira ne malaminmu na lissafi, wanda bai daina bibiyata ba bayan na bar makaranta, ya turo mini sanarwar wata lacca da cibiyar EducationUSA ta Abuja, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, za ta gabatar ta intanet. A nan na fara jin cewa akwai jami'o'i masu zaman kansu a Amurka da kuɗin shekara ɗaya a cikinsu, idan aka haɗa na karatu da ɗaki da abinci da inshorar lafiya, yakan kai dala dubu 80, amma wasunsu suna da asusun wakafi mai girman da za su iya ɗauke wa ɗalibin da suka zaɓa duk abin da iyayensa ba za su iya biya ba. Wahalar tana wajen shiga. Harvard a 2022 ta karɓi takardun mutum sama da dubu 61, ta ɗauki ƙasa da dubu 2. Na kuma ji cewa a lokacin makarantu bakwai ne aka sani da ba sa duba talaucin ɗan ƙasar waje kafin su yanke hukunci a kansa, sannan su cike masa giɓin gaba ɗaya: Harvard, Yale, Princeton, MIT, Amherst, sai Dartmouth da Bowdoin da suka shigo sahun a 2022. A sauran kuwa, da zarar baƙo ya nuna yana neman tallafi, to girman buƙatarsa yana cikin abin da za a ɗora a sikeli.

Neman gurbin yana da zagaye fiye da ɗaya. Na gama-gari ana rufe shi a farkon Janairu, amsa ta zo a ƙarshen Maris, kuma ɗalibi yana da zuwa 1 ga Mayu ya baje tayin da ya samu ya zaɓi wanda ya fi masa. Na wuri, wanda suke kira Early Decision, akasari ana rufe shi ranar 1 ga Nuwamba, amsa ta zo a tsakiyar Disamba, amma da sharaɗi mai nauyi: makaranta ɗaya tak za ka nema ta wannan hanya, kuma ka yi alkawari a rubuce cewa idan ta ɗauke ka za ka je, ka kuma janye duk takardun da ka kai wasu wurare. Brown da Columbia da Cornell da Dartmouth da Jami'ar Pennsylvania duk da wannan tsarin suke aiki. Harvard da Yale da Princeton da Stanford suna da nasu zagayen na wuri da ba ya ɗaure mutum ya je, sai dai yana hana shi neman wasu jami'o'i masu zaman kansu da wuri.

Abin da yake jan mutane zuwa zagayen alkawari shi ne alƙaluma, kuma ni da alƙaluma kuwa ba a shiga tsakaninmu. Brown, wadda ba ita na nema ba amma misalinta ya fito fili, a shekarar da na nema ta ɗauki kimanin kashi 13 cikin ɗari na waɗanda suka zo a zagayen alkawari, alhali idan aka haɗa duka masu nema kimanin kashi 5 ne suka shiga. Yawancin jami'o'in nan suna wallafa wani rahoto na shekara-shekara mai suna Common Data Set, wanda a cikinsa ake ganin yawan waɗanda suka nema da wuri, da yawan waɗanda aka ɗauka, da makin SAT, wato jarrabawar shiga jami'o'in Amurka, na matsakaitan ɗalibansu. Na sayi littafin rubutu na ja layuka, na zuba waɗannan lambobi makaranta bayan makaranta, har na tsayar da guda ɗaya a arewa maso gabashin ƙasar, mai sashen injiniya da ya burge ni, wadda kuma ta yi alkawarin cike buƙatar duk wanda ta ɗauka. Lissafina ya nuna mini cewa idan na shiga ta zagayen alkawari, damata ta ninka kusan sau uku. Na yi ta nuna wa malamina shafin, shi kuwa sai ya ce, "Lissafin daidai ne, Allah ya sa su ma da shi suke aiki."

Kafin a kai ga Nuwamba sai da kowane mataki ya ci kuɗi. A 2022 jarrabawar SAT kimanin dala 100 ce ga ɗan ƙasar waje, ga shi a shekarar bankuna da yawa sun rage abin da ake iya kashewa a waje da katin naira zuwa dala 20 a wata, don haka sai da muka nemi wani ɗan'uwa mai asusun dala ya biya mana, mu ba shi naira a farashin 'yan canji, wanda a farkon Nuwamba ya haura naira 800. A Abuja na rubuta jarrabawar a watan Oktoba. Jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja yana tsaye tun bayan harin 28 ga Maris, saboda haka ta mota na bi, Inna kuma ba ta iya cin abinci ba sai da aka gaya mata na sauka. Makin da na samu ya faɗa cikin matsakaitan makarantar da nake so. Na rubuta maƙalar da ake nema, wadda ba ta wuce kalma 650, a kan littafin kuɗin takin Baba.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne fom ɗin tallafi na CSS Profile. Yana tambayar kuɗin shigar iyaye, da darajar gida, da ta gona, da yawan mutanen da suke ci daga tukunyar gidan. Gidanmu na gado ne, ba a taɓa yi masa kuɗi ba, gonar kuma ta mutum biyar ce duk da cewa Baba ne yake nomawa, sannan akwai kakata da 'ya'yan marigayi ƙaninsa da babu takardar da ta nuna a wuyansa suke. Wani ya ba mu shawarar mu bar gonar a waje tunda ba wanda zai zo Funtuwa ya auna. Baba ya ce a rubuta ta, a kuma yi bayani a gurbin ƙarin bayani.

Takardar alkawarin mutum uku ne suke sa mata hannu: ɗalibi, da mahaifi ko mariƙi, da jami'in da ke ba ɗalibai shawara a sakandare. Makarantarmu ba ta da mai wannan muƙami, sai malamin lissafi ya nemi izinin shugaban makaranta ya tsaya a matsayin, shi ya buɗe asusu a Common App, shafin intanet da ake cike fom ɗin neman gurbin, ya ɗora sakamakona na aji huɗu zuwa shida. Duk da cewa a waya ake sa hannun, Baba ya ce sai ya riƙe takarda, don haka na buga ta a shagon kwamfuta na kai masa bayan sallar isha'i. Ya karanta ta a hankali, sannan ya cire tabarau.

"To idan sun ɗauke ka, suka yanka mana abin da ba mu da shi fa?"

"Baba, ga shi nan a rubuce. Idan tallafin bai isa mutum ya je ba, yana iya neman a sake shi, kuma ba sai ya janye sauran takardunsa ba har sai ya ga abin da aka ba shi."

"Amsar yaushe za ta zo, sauran kuma yaushe suke rufewa?"

Na gaya masa tsakiyar Disamba da farkon Janairu. Ya yi shiru, ya ce ke nan ko abin ya ɓaci akwai sauran rana, kuma tunda su da bakinsu suka ce za su cike giɓin duk wanda suka ɗauka, ya yarda. Ya yi bisimilla ya sa hannu.

Tsakaninmu da gabashin Amurka awa shida ne a Disamba, don haka amsar da suka saki da yammarsu ta same ni bayan tsakar dare, cikin sanyin hunturu, ina zaune a zaure da waya a hannu. Abu uku ne suke iya faɗa a wannan zagaye: an ɗauke ka, ko an ƙi ka, ko an ɗage maganarka zuwa zagayen gama-gari. Na uku aka ba ni. Wasiƙar ta yaba wa takarduna, ta ce za a sake duba su tare da na kowa a Maris, ta kuma sanar da ni cewa alkawarin ya sauka daga kaina. Da ƙi suka yi kai tsaye da na yi baƙin cikina na gama, amma wannan amsa ta bar ni ba na iya yin makoki kuma ba na iya yin murna. Da safe Inna, wadda alkunyar ɗan fari ba ta barin ta ta tambaye ni kai tsaye, ta aiko ƙanwata ta ji ko sun ce e ko a'a. Na ce a gaya mata sun ce a jira. Ina jin ta daga madafa tana cewa, "To ai jiran muka saba."

Makonni biyun da suka biyo baya na raba su tsakanin rubuta maƙalolin sauran makarantu da komawa kan littafina, domin ina so in gane inda ninkin nan uku ya tafi. Abin da na gano shi ne kason zagayen alkawari ba na mutane iri ɗaya ba ne. A cikinsa ake shigar da yawancin 'yan wasannin da masu horarwa suka riga suka zaɓa, waɗanda an duba takardunsu tun kafin su cike fom, kuma a ƙaramar makaranta mai ƙungiyoyin wasa da yawa waɗannan ba kaɗan ba ne. A cikinsa kuma ake samun 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, da 'ya'yan masu hali da ba ruwansu da kwatanta tallafi, waɗanda suka fito daga sakandaren da ke da ƙwararrun masu shirya yaro tun yana aji huɗu. Idan aka zare waɗannan daga sama da ƙasan lissafin, ratar da ta rage ba ta kai yadda take a takarda ba. Akwai ribar gaske a ciki, domin jami'a tana son ɗalibin da ta tabbatar zai zo, amma ribar ba ta kai girman da ake tallata ta ba.

Akwai kuma wani sashe na rahoton, mai lamba H6, da a ganina ya fi duk sauran shafukan amfani ga ɗan Najeriya. Shi ne yake nuna yawan ɗalibai 'yan ƙasashen waje da makaranta take ba tallafi, da matsakaicin abin da kowanne yake samu. Adadin na dukkan azuzuwa huɗu ne. Idan, a misali, aka rubuta 200, to kimanin 50 ke nan a shekara, kuma waɗannan guraben ne ɗan Funtuwa yake nema tare da ɗan Indiya da ɗan Kenya da ɗan Biyetnam da ɗan Barazil, kowannensu na ɗaya ne a makarantarsu. Wannan ita ce gasar da nake ciki, kuma ba a wallafa kasonta a shafin farko.

Sanin haka bai kwantar mini da hankali ba, tsoro ya ƙara mini, kuma tsoron ne ya kai ni ga zagayen alkawari na biyu. Wasu makarantu suna buɗe shi a farkon Janairu, su ba da amsa a tsakiyar Fabrairu, da sharuɗɗa irin na farko. Na ga cewa ko da ribar kaɗan ce, mai neman tallafi irina ba shi da halin zubar da ita. Na zaɓi wata jami'a da take ba baƙi tallafi mai kauri amma take duba buƙata kafin ta ɗauka, kuma ba ta yi alkawarin cike giɓin kowa ba. Malamina ya ce zai sa hannu idan Baba ya sa. Na sake buga takardar na kai.

Wannan karon bai daɗe yana karantawa ba. Ya tambaye ni ko ita ma ta ce za ta biya duk abin da ba mu da shi, na ce ba ta faɗa a rubuce ba amma alƙalumanta suna da kyau. Ya tambayi lokacin amsa, na ce Fabrairu. Ya ninke takardar ya miƙo mini.

"Wancan karon na sa hannu domin akwai sauran rana. Wannan za su faɗa maka farashi a Fabrairu su ce ka ba da amsa, alhali sauran ba za su buɗe baki ba sai Maris. Ba na cinikin biri a sama."

Na ce, "Baba, ai ƙa'idar ɗaya ce, in kuɗin ya fi ƙarfinmu sai mu ce a sake mu."

"In sun faɗi abin da ba mu da shi ko kusa, wannan mai sauƙi ne. Wanda nake tsoro shi ne su faɗi abin da za a iya samu in an sayar da gona. Na san kaina. In hannuna yana kan takarda aka ce kawo, gonar zan sayar, kuma ba tawa ce ni kaɗai ba, akwai haƙƙin marayu a ciki."

Na kawo duk hujjar da nake da ita, na buɗe masa littafin, na nuna masa kason Fabrairu da na Maris. Ya saurare ni har na gama, ya ce lambobin suna gaya mini yadda zan shiga ne, shi kuma yana tambayar yadda zan zauna shekara huɗu. Na fita daga ɗakin ina ganin an hana ni abin da watakila shi ne damata ta ƙarshe, kuma mutumin da ya hana ni bai taɓa cike irin wannan fom ba. Na mayar da takardata ta wannan jami'a zuwa zagayen gama-gari, na tura sauran. Na daɗe ba na zama wurin cin abinci idan yana nan, gaisuwa kawai take haɗa mu, shi kuma bai sake tayar da maganar ba.

Ana cikin haka sai sunana ya fito a shafin JAMB, wata jami'ar tarayya ta ba ni injiniyan da na nema, kuma wa'adin rajista zai cika kafin amsoshin Amurka su zo. Na rubuta wa wasu daga cikin makarantun da na nema ina tambaya, amsar da ta fi yawa ita ce wanda ya yi rajista ya fara digiri a wata jami'a bayan sakandare ba sabon ɗalibi ba ne a wurinsu, mai neman canjin makaranta ne, kuma guraben wannan rukuni da tallafinsa sun fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Baffana ya zo gida musamman a kan maganar. Ya ce in yi rajista in yi shiru, wa zai gaya wa Bature, kada a tashi biyu babu bayan shekara biyu a gida. Ni kaina a lokacin na karkata ga ra'ayinsa. Baba ya ce fom ɗin da na tura yana ɗauke da shaidar cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne, don haka hanya biyu ce kawai: ko in karɓi gurbin gida in rubuta wa Amurkawa in gaya musu, ko in bar shi in jira Maris. Ya juyo gare ni ya ce zaɓin nawa ne, kuma in na zaɓi jira har aka rasa duka, shi zai tare bakin dangi. Na zaɓi jira. Washegari, a lokacin da ƙarancin takardun naira ya sa mutane suke kwana a layin banki, ya ba ni kuɗin sabon fom ɗin JAMB ba tare da na roƙa ba.

Fabrairu da Maris na 2023 su ne mafi tsawo a rayuwata. Abokan da muka gama tare sun tafi rajista suna turo hotuna, ni ina zaure da yara da allon lissafi. Na rubuta wa jami'ar farko wasiƙar jaddada sha'awa kamar yadda aka shawarci waɗanda aka ɗage, na yi hirarraki ta waya da tsofaffin ɗaliban wasu makarantu, layi yana yankewa ina sake kira. Barci ya ƙaurace mini, na rame har kakata ta fara jiƙa mini magani.

Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, kuma a cikinsa amsoshin suka riƙa shigowa, akasari tsakanin tarawihi da sahur. Yawancinsu ƙi ne, da kalmomi masu taushi kusan iri ɗaya. Jami'ar farko, wadda na ba alkawarina a Nuwamba, ta ƙi. Ta biyu, wadda Baba ya hana, ta saka ni a jerin masu jiran tsammani, kuma ba ta taɓa kirana ba. Ƙananan kwalejoji biyu ne suka ɗauke ni, waɗanda a littafina suna can ƙasan shafi, ɗaya a gabas ɗaya a tsakiyar ƙasar, kuma kowacce ta turo takardar tallafinta.

A nan ne na ga abin da ake nufi da kwatantawa. Wadda na fi so, mai shirin injiniya na haɗin gwiwa da wata babbar jami'a, ta ɗora mana 'yan dubban daloli a kowace shekara, kuma na gane daga bayaninta cewa ta lissafa gonar a matsayin dukiyar Baba. Ɗayar ta nemi ƙasa da haka sosai. Tunda ba abin da ya ɗaure ni, kuma ina da zuwa 1 ga Mayu, sai na rubuta wa ofishin tallafi na ta farkon, na haɗa da takardar ta biyun, da bayanin rabon gadon da mai unguwa ya shaida, na roƙi a sake dubawa. Sun sake dubawa. Suka rage kason gida zuwa abin da zan iya biya da aikin da ake ba ɗalibai a cikin makaranta, suka ɗauki inshorar lafiya, suka kuma taimaka da kuɗin jirgi na zuwan farko. Na kai wa Baba wannan takarda ma a buge, ya karanta ta har ƙarshe, ya tambayi ko adadin zai tsaya haka duk shekara, na ce ana sabunta fom kowace shekara, ya ce to a ci gaba da rubuta gaskiya.

A watan Yuni na 2023, ina shirin biza, aka saki farashin naira. Dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, zuwa Fabrairun 2024 kuma ta wuce 1,500. Kuɗin da a Fabrairun 2023 za mu kalla mu ce da ƙoƙari za a iya, da ya ninka a hannunmu kafin in gama shekarar farko, alhali fanshon Baba da buhunan masararsa da naira ake lissafa su. Na san ɗaliban Najeriya a nan da wannan ya rutsa da su, wasu suna aiki har iyakar awannin da biza ta yarda, wasu sun dakatar da karatu. Duk da haka ba zan ce abin da ya faru ya tabbatar da cewa zagayen alkawari tarko ne ba. A cikin waɗanda muka yi shirin neman gurbin tare akwai yarinyar da ta shiga ta wannan hanya a Disamba, aka ɗauke mata komai, ta huta da zullumin da ni na sha har Maris. Kuma har yau yakan faɗo mini a rai cewa jami'ar nan ta biyu, da ta ga alkawarina a Janairu, watakila da ta ɗauke ni da tallafi mai kyau. Abin da na tabbatar kawai shi ne tsarin an gina shi ne a kan iyalin da farashi ba zai sauya musu shawara ba, mu kuma farashi ne dukkan shawararmu, saboda haka alkawarin da yake da arha a wurinsu yana da tsada a wurinmu.

A kakar 2024 ina shekara ta biyu, ina karanta kimiyyar lissafi da fiziks, ina aiki a ɗakin karatu da yamma. Abubuwa sun ɗan sauya tun bayan nemana: Brown ta shiga sahun waɗanda ba sa duba buƙatar baƙi, Dartmouth da Yale da Harvard kuma sun dawo da wajabcin jarrabawar shiga bayan sassaucin da aka yi lokacin korona. A wannan kakar malamina ya haɗa ni da wata ɗaliba daga tsohuwar makarantarmu da take son shiga zagayen alkawari. Na tura mata adadin baƙin da makarantar da ta zaɓa take tallafa wa, na ce ta raba shi huɗu, na kuma nuna mata inda aka rubuta ko ana cike giɓin kowa ko ba a yi. Ta ce ta gani, kuma har yanzu tana so ta nema. Mahaifinta ɗan kasuwa ne a kasuwar hatsi, ya karɓi takardar ya ce zai je ya ga Baba kafin 1 ga Nuwamba.